Hukuncin Caje Mutum da Kayansa: Ina Ikon Hukuma Ya Tsaya?

Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda Ya karrama ɗan Adam, Ya suturta shi da tufafi da ɗaki, Ya kuma haramta jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako ina so mu duba wata mas'ala wadda duk wanda ya taɓa shiga mota daga Bagudo ya nufi Ka'oje ko Tsamiya ko Lolo ya san ta da idonsa, ko da kuwa bai taɓa buɗe littafin fiƙihu ba. Mas'alar ita ce: yaushe ne ya halatta ga ma'aikacin hukuma ya sa hannu cikin jakar mutum, ko aljihunsa, ko wayarsa, ko kuma ya kutsa cikin gidansa? Haka nan malamin makaranta, wanda aka damƙa wa amanar 'ya'yan jama'a, har ina ikonsa ya kai a kan akwatin ɗalibi da jikinsa?

Abin da ya jawo hankalina ga wannan magana shi ne wata tafiya da na yi zuwa ta'aziyya a wani gari kusa da bakin iyaka. Muka iso wani shinge, aka ce kowa ya sauko da kayansa. A cikinmu akwai wata dattijuwa da ta rungume wani ɗan ƙunshi a ƙirjinta tun daga tasha. Wani ma'aikaci matashi, wanda a shekaru bai wuce jikanta ba, ya miƙa hannu ya ce ta ba shi. Ta ce, “Ɗana, ba abin hukuma ba ne. In kuwa dole ne, a samo mace ta duba.” Bai saurare ta ba, ya karɓa ya kwance a ƙasa a gefen hanya, gaban kowa da kowa. Abin da ke ciki farin yadi ne na likkafani da ta tanadar wa kanta, sai ɗan turare da sabulu. Kowa ya sunkuyar da kai. Shi kansa yaron kunya ta kama shi, ya shiga ƙoƙarin mayar da ƙullin yadda yake. Ita kuwa ba ta ce uffan ba, ta karɓi abinta ta karkaɗe ƙura, ta koma mazauninta.

Da muka ci gaba da tafiya sai gardama ta kaure tsakanin mutum biyu. Ɗaya ya ce ai mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, wanda ba ya ɗauke da abin laifi me zai dame shi don an buɗe kayansa? Ɗayan ya ce shingayen nan duka zalunci ne, kamata ya yi a kwashe su gaba ɗaya. Na saurare su har muka sauka, kuma a ganina kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki wani.

Uzurin hukuma

Adalci shi ne mu fara da faɗin uzurin hukuma, domin Musulmi ba ya tauye hujjar wanda yake yi wa gyara. Iyakar da ta raba mu da Jamhuriyar Benin, wadda a da ake kira Dahomey har zuwa 1975, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyarsu ta 1898, ba tare da sun shawarci mutanen Illo ko na ƙasar Bargu ba. Suka ratsa tsakanin dangi da dangi, har ya zama mutum yana noma a nan, surukansa suna Segbana, kasuwarsa kuwa Malanbil. Irin wannan iyaka mai hanyoyi barkatai, ta tudu da ta kogin Kwara, tsaronta yana da wuya ƙwarai. Mun ga yadda Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin tudu a watan Agusta na 2019 saboda fasa-ƙwauri, sa'an nan a watan Nuwamba na wannan shekara aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Abin da ya fi shinkafa da fetur muni kuwa shi ne makamai da miyagun ƙwayoyi. Jihar Kebbi ta ɗanɗana ɗacin wannan: an sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, 'yan Lakurawa sun kashe mutane a Mera ta ƙasar Augie a watan Nuwamba na 2024, an kuma sace 'yan mata a makarantar Maga a watan Nuwamba na 2025. Saboda haka duk wanda ya ce a bar kowane buhu da kowace jarka su wuce ba a duba ba, bai yi wa rayukan jama'a adalci ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma ma'aikacin da ya kwana a daji yana tsaron wannan, in ya kyautata niyya, yana da lada.

To, amma halaccin bincike a dunƙule bai halatta kowane irin bincike ba, kamar yadda halaccin yanka bai halatta mushe ba. Sai mu koma mu ga yadda shari'a ta jera al'amarin.

Asalin hukunci shi ne hani

A cikin Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, Allah Ya hana muminai shiga gidajen da ba nasu ba har sai sun nemi izini sun yi sallama, Ya kuma umurce su da komawa idan aka ce su koma. A Suratul Hujurati, aya ta 12, Ya hana yawan zato, Ya hana tajassusi, watau bin diddigin asirin mutane, sa'an nan Ya hana yi da wani. Mai karatu ya lura da wannan jeri, domin haka cutar take tafiya: zato ne yake haifar da leƙe, leƙe kuma ya haifi gulma. Hausawa ma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslimu cewa neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka juya, kuma an shar'anta neman izinin ne saboda kiyaye gani. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya iske cewa neman izini wajibi ne. Kakanninmu sun gina wannan hukunci da ƙasa da azara, shi ya sa gidan Bahaushe yake da zaure, inda baƙo ke tsayawa komai girmansa har maigida ya fito.

Wani zai ce ai wannan hukunci ne tsakanin talakawa, ita hukuma dabam take. Amsa ita ce nassoshin sun ambaci shugabanni da sunansu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi Mu'awiya cewa bibiyar aibin mutane lalata su take yi, ya kuma ruwaito wani hadisin mai nuna cewa shugaban da ya mai da zargi ya zama hanyar mulkinsa, ɓata jama'arsa zai yi. Haka nan an zo wa Abdullahi ɗan Mas'udu da wani mutum ana cewa gemunsa yana ɗigar giya, sai ya amsa cewa an hana su tajassusi, amma abin da ya bayyana a fili za su kama mai shi da shi.

Labarin Sayyidina Umar sananne ne. An ce wata rana da dare ya ji hayaniyar mashaya a wani gida, ya haura katanga ya same su, sai maigidan ya ce masa shi laifi ɗaya ya yi, amma Sarkin Muminai ya yi uku: ya yi tajassusi, ya shigo ta kan katanga ya bar ƙofa, ya kuma shigo ba izini ba sallama. Umar ya karɓi gyara ya fita. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma akwai wata mai kama da ita wadda Abdurrazzaƙi da Hakimu suka kawo, inda Umar yana sintiri tare da Abdurrahman ɗan Aufu suka ji muryoyin mashaya a bayan ƙofa, Abdurrahman ya tunatar da shi cewa sun auka cikin abin da Allah Ya hana, Umar ya juya ya bar su. Ku duba fa, giya haramun ce babu shakka, mai hukunta ta kuma shi ne Umar, amma duk da haka ƙofar da aka rufe ta tsayar da shi.

Akwai kuma wani labari da ya fi kusa da halinmu na mutanen bakin iyaka. Alƙali Abu Yusufa, almajirin Abu Hanifa, ya kawo a cikin Kitabul Haraji, littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, cewa Ziyadu ɗan Hudairu, mutumin da Umar ya fara naɗawa a kan karɓar ushurin fatake, watau kwastan na wancan zamani, ya ce Umar ya umurce shi kada ya caje kowa. A littafin nan kuma an kawo labarin wani Banasare na ƙabilar Taglibu da aka nemi ya biya ushurin dokinsa sau biyu cikin shekara guda, ya tafi ya kai kuka wurin Umar, kafin ya komo wasiƙar Halifa ta riga shi isowa da umurnin kada a karɓa sai sau ɗaya. Ban kawo wannan don in ce a yau kada a duba kaya a bakin iyaka ba, domin fataken wancan lokaci ba bindiga suke ɓoyewa cikin buhun gero ba. Na kawo shi ne don a ga inda ma'aunin ya faro: fatake masu gaskiya ne har sai an ga alamar akasin haka, kuma haƙƙin wanda ba Musulmi ba a shinge daidai yake da na Musulmi wajen kariya daga zalunci.

Inda shari'a ta buɗe ƙofa

Shari'a ba ta ɗaure hannun hukuma gaba ɗaya ba. Gab da buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan Hijira, Haɗibu ɗan Abi Balta'ata ya ba wata mace wasiƙa ta kai wa Ƙuraishawa labarin shirin Musulmi. Manzon Allah ya aiki Aliyu da Zubairu da Miƙdadu, ya faɗa musu wurin da za su same ta, watau Raudatu Hah, ya kuma faɗa musu abin da za su karɓo. Da ta yi musu, suka tsananta mata cewa lalle ta fito da ita ko a caje ta, sai ta ciro ta daga cikin kitsonta da hannunta. A wannan ƙissa akwai labari tabbatacce, akwai umurni daga shugaba, an ayyana mutum, an ayyana wuri, an ayyana abin da ake nema, kuma haɗarin ya shafi rayukan al'umma duka. Da suka sami wasiƙar suka juyo, ba su ƙara neman wani abu ba.

Daga irin wannan ne Imam Mawardi ya faɗa a cikin Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba ba shi da ikon bankaɗo abin da aka ɓoye, sai fa idan amintaccen mutum ya ba shi labarin wata ɓarna da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce wani ya keɓe da wani zai kashe shi. Malamai irin su Ibnu Farhuna na mazhabarmu ta Malikiyya da Ibnul Ƙayyim kuma sun kasa waɗanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka san shi da kirki, wanda ba a san halinsa ba, da wanda ya shahara da ɓarna, kuma kowanne da irin mu'amalar da za a yi masa. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Liya'ul Hukkami, ya yi mulki ya kuma karantar. Yayansa Shehu Usmanu ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwa da kamuwa, watau ƙwace dabbobin talakawa don aikin sarki, cikin al'adun mulkin zalunci da ya yi inkari a kansu. Wanda ya tsayar da mota ba don neman makami ba, sai don a ba shi na goro, ya duba ya ga a wane babi na wannan littafi aikinsa ya faɗa.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Mutane da yawa ba su sani ba cewa dokar Nijeriya, a rubuce, ba ta yi nisa da wannan ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, sashe na 34 ya kare mutuncinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita sirrin ta hanyar doka saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. Tun a 1960, zamanin Sardauna, Dokar Bin Shari'ar Laifuka ta Jihar Arewa ta tanadi cewa a caje gida a gaban mutanen kirki biyu na unguwa, a ba matar kulle damar kaucewa kafin a shiga sashenta, kuma mace ce kaɗai za ta caje mace. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya ta 2015 ta riƙe waɗannan, tare da rubuta jerin abin da aka ɗauka. Shiga gida don bincike, a bisa asali, sai da takardar izini daga alƙali ko wanda doka ta ba wannan iko, kuma takardar tana ayyana wuri da abin da ake nema.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara fayyace tsayarwa a hanya. Daga sashe na 49 zuwa gaba ta shar'anta cewa sai da zargi mai dalili. Ɗan sanda ya kasance cikin kayan sarki ko ya nuna katin shaidarsa. Ya faɗi sunansa da ofishinsa, da abin da yake nema, da dalilinsa. A bainar jama'a kada ya wuce tufafin waje. Ya kuma yi ƙoƙarin rage kunyata wanda ake cajewa. Sashe na 54 ya ce launin fata, ko shekaru, ko aski, ko irin sutura ba su isa su zama dalilin zargi ba. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce Bafillacen Ka'oje ba abin zargi ba ne saboda sandarsa da malfarsa, haka mai gemu da ɗangalallen wando, haka matashi mai tara gashi. Gaskiya ne cewa dokar kwastan ta 2023 ta ba jami'anta iko mai faɗi a kan kayan da ke ƙetare iyaka, kuma haka abin yake a sauran ƙasashen duniya, amma ikon duba buhu bai zama lasin cin mutuncin mai buhun ba.

Wayar hannu kuwa sai an yi mata magana ta musamman. A cikinta akwai hoton matar mutum ba lulluɓi, da saƙon likitansa, da lissafin bashinsa, da hirarsa da mahaifiyarsa. Wanda ya karɓe ta ya shiga latsawa ya wuce zaure, ya wuce tsakar gida, ya shiga har ƙuryar ɗaki. Wannan ɗabi'a tana cikin abin da ya fusata matasa har aka yi zanga-zangar watan Oktoba na 2020, wadda ta kai ga rushe rundunar SARS a ranar 11 ga watan, kuma a lokacin Sufeto Janar na 'yan sanda ya fito fili ya hana caje wayoyin mutane barkatai. Kotun Ƙolin Amurka ma ta yanke a 2014 cewa ko mutumin da aka kama, ba a bincika wayarsa sai da izinin alƙali.

Mu malaman makaranta

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Don haka bari in taɓa namu. A farkon aikina, ina malamin kula da ɗakin kwanan ɗalibai a wata makaranta, kuɗin wani yaro suka ɓace. Ban tsaya tambaya ba, na sa kowa ya fito da akwatinsa fili, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zazzagewa. Da na zo kan na wani yaro mai shiru-shiru sai ya riƙe murfin yana kuka. Na ce a raina na kama ɓarawo. Na fizge na buɗe, sai na iske ba kome a ciki sai ɗan garin kwaki a leda, da riga ɗaya mai faci, da duwatsu biyu da ya sa don akwatin ya yi nauyi kada a gane babu kaya. Yara suka bushe da dariya. Kuɗin kuwa daga baya mai su ya gan su cikin littafinsa. Yaron nan bai ƙara ɗaga ido ya dube ni ba har ya bar makarantar, kuma shekara kusan talatin ke nan ina neman gafarar Allah a kan wannan rana.

Wannan ita ce amsata ga abokin tafiyata mai maganar kaza a aljihu. Abin da ɗan Adam ke ɓoyewa ba laifi kaɗai ba ne. Yana ɓoye talaucinsa, yana ɓoye cutarsa, yana ɓoye sadakarsa, yana ɓoye likkafaninsa. Addu'ar da Bahaushe ya fi yawaita ita ce Allah Ya rufa asiri, kuma ba ɓarayi ne kaɗai ke yin ta ba.

Malami yana da iko, wannan babu musu. Shi makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa, kuma a zamanin da wuƙa da ƙwaya da satar jarrabawa suka shigo makarantu, ba ya halatta ya rufe ido. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta ba yaro haƙƙin sirri, amma ta bar wa iyaye da masu riƙo damar sa ido gwargwadon hankali. Abin tambaya shi ne gwargwadon. Mutanen Amurka, waɗanda Gyara na Huɗu na tsarin mulkinsu ya hana bincike marar dalili tun 1791, sun kai wannan magana Kotun Ƙoli sau da dama. A 1985, a shari'ar wata yarinya 'yar shekara 14 a Jihar New Jersey da aka buɗe jakarta bayan an kama ta da shan taba, kotu ta ce malami ba ya bukatar takardar alƙali, amma dole ya kasance da dalili tun farko, kuma binciken kada ya wuce girman abin da ake zargi, a kuma duba shekarun ɗalibi da jinsinsa. A 2009, da wata makaranta a Jihar Arizona ta sa 'yar shekara 13 ta tuɓe ana neman ƙwayar maganin ciwon jiki, kotun ta ce an keta haƙƙinta. A Landan ma, a 2020, 'yan sanda sun tuɓe wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 15 a makarantarsu bisa zargin tabar wiwi, ba a sami kome ba, kuma da rahoton ya fito a 2022 ƙasar ta girgiza. Idan waɗanda ba su karanta babin al'aura a fiƙihu ba sun gane wannan, mu da muke karantar da shi mun fi cancantar kiyayewa.

Saboda haka ina ba 'yan'uwana malamai shawarar abin da na koya da tsada. Idan makaranta tana da ƙa'idar duba kaya ranar dawowa hutu, a sanar da ita ga iyaye da ɗalibai tun farko, a yi wa kowa daidai, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Idan zargi ne a kan yaro ɗaya, a tambayi kai tukuna: wa ya faɗa, me ya gani, kuma mene ne haɗarin in an jinkirta? Sa'an nan a kira shi keɓe, a gaban wani malami shaida, a faɗa masa abin da ake nema, a bar shi ya buɗe da hannunsa. Ɗaliba kuwa malama ce za ta duba ta. Tuɓe yaro ba aikin malami ba ne ko kaɗan; in abin ya kai girman haka, a kira iyaye da hukuma. In an duba ba a sami kome ba, a ba yaron haƙuri, girman malami ba ya raguwa da wannan. Abin da ido ya gani kuma wanda ba shi ake nema ba, amana ce, ba a kai shi ɗakin malamai a yi hira da shi.

Inda gyara ya rage

Akwai wani rauni a dokarmu da ya kamata masu yin doka su duba. Tun shari'ar Musa Sadau a 1968 Kotun Ƙoli ta tafi a kan cewa shaidar da aka samo ta hanyar binciken da bai bi ƙa'ida ba tana iya karɓuwa, kuma sashe na 14 da na 15 na Dokar Shaida ta 2011 sun bar wa alƙali ya auna ya ga ko zai karɓa ko zai ƙi. Amurka ta ɗauki wata hanya tun 1961, inda ake jefar da irin wannan shaida a kotunan jihohinta. Kowace hanya tana da illarta, domin sakin mai laifi saboda kuskuren ɗan sanda abu ne mai ɗaci ga wanda aka zalunta. Sai dai kuma idan ma'aikaci ya san cewa ko ta ƙofa ya shiga ko ta katanga sakamakon ɗaya ne, mene ne zai sa ya wahalar da kansa zuwa wurin alƙali? Aƙalla dai a riƙa hukunta wanda ya keta ƙa'ida, ko da an karɓi shaidarsa. Wanda aka ci wa mutunci kuma ya sani sashe na 46 na Tsarin Mulki ya ba shi damar zuwa Babbar Kotu, kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a. A shinge a yi haƙuri, a yi magana da ladabi, a riƙe suna da wuri da lokaci, kada a yi kokawa da mai bindiga. Ƙara kuwa a kai ta inda ake kai ta.

Mu ma jama'a muna da namu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direban da ya ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin buhunan albasa, da matar da ta yarda aka ɗaura mata haramtattun kaya a cikin hijabi don ta san ana jin kunyar taɓa ta, su ne suka jawo aka kwance ƙunshin dattijuwar nan a gefen hanya. Wanda ya mai da suturar Musulunci ta zama maɓoyar ɓarna ya ci amanar dukan mata masu sutura. Haka nan mai miƙa cin hanci don a bar shi ya wuce, shi ne yake koya wa ma'aikaci cewa shinge kasuwa ce, kuma ta wannan ƙofa da aka buɗe wa shinkafa ne bindiga take bi ta shigo. Sa'an nan hukumar da ta wulaƙanta mutanen gari kada ta yi tsammanin za su zo mata da labarin baƙin fuskar da suka gani a daji, alhali kuwa labarin mutanen gari ya fi shinge goma kama mugu.

Ina roƙon shugabannin jami'an tsaro da ke wannan yanki su sa mata ma'aikata a manyan shingaye, su tanadi ɗan wuri mai labule, su kuma koya wa yaransu yin sallama da faɗin abin da suke nema kafin su miƙa hannu. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Ina kuma roƙon limamai da sarakunanmu na ƙasar Bagudo da Illo da Ka'oje da Zagga su riƙa tunatar da ɓangarorin biyu.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya gafarta mana abin da muka yi wa na ƙasa da mu cikin jahilci. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.